Kaset ɗin Mario na nan da ransa, gem ɗin wayarka fa?

Duk inda waɗanda suka taso a shekarun 1990 suka haɗu aka ɗauko hirar gem, za ka ji labarin kusan iri ɗaya ne: hura kaset kafin a zura shi, layin gidan gem, ihun da ake yi idan NEPA ta ɗauke wuta ana dab da cin wasa. Matasan yanzu kan ɗauka kewar yarinta ce kawai. Ni kuwa ina ganin akwai abin da aka rasa da gaske. A da idan ka sayi gem, ya zama naka.

Ɗauki Super Mario Bros da Nintendo ya fitar a 1985. Girmansa gaba ɗaya kilobait 40 ne, hoto guda da ka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau da yawa. Amma yana zuwa a kammale, babu sabuntawa, babu talla, babu data. Wanda ya adana kaset ɗinsa da na'urarsa, yau ma idan ya jona zai buga. Haka Snake II na Nokia 3310 da ta fito a 2000, caji kawai yake buƙata.

Kwamfutocin gida na farko ma haka suke. Commodore 64 da aka fitar a Amurka a 1982 tana da ma'adanar kilobait 64 kacal, amma da ka kunna ta sai ta buɗe maka filin rubuta umarni da yaren BASIC. Yara da dama a Turai da Amurka daga nan suka koyi haɗa manhaja, domin na'urar ba ta ɓoye musu cikinta ba.

To yanzu duba wayarka. Yawancin manyan gem ɗin da ke ciki ba sa tashi sai da intanet, saboda rabin wasan yana kan uwar garken kamfani. Ranar da kamfanin ya ga babu riba, sai ya kashe. Apex Legends Mobile ya fito a watan Mayun 2022, aka rufe shi a watan Mayun 2023, kayan da mutane suka saya a ciki da kuɗinsu suka bi shi. Ubisoft ma ya rufe The Crew a 2024, har waɗanda suka biya kuɗi suka saye shi suka kasa buga shi. Ashe abin aro ne, kuma kayan aro ba ya ado.

Ba ina cewa komai na da ya fi ba. Na'urorin suna da tsada, shi ya sa galibinmu a gidan gem muka san Sega da PlayStation. Yau kuwa yaro a Gusau yana kwance a ɗakinsa zai kara da wani a Barazil. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai gem ɗin da aka ba ka kyauta dole ya nemo kuɗinsa ta wata hanya, ko ta talla, ko ta ja maka rai har ka sayi lu'ulu'u da riguna.

Don haka kafin ka tura kuɗi cikin gem, yi masa gwaji ɗaya: kashe data ka buɗe shi. Idan ya ƙi tashi, ka sani haya kake yi, sai ka kashe daidai abin da ba za ka yi kuka ba idan an rufe gobe. Ka kuma bar wa gem ɗin da ke aiki ba intanet gurbi a wayarka. Ranar da sabis ya ɗauke, shi za ka samu.