Filin Kimiyya da Zamani: Littafi Uku, Lissafi Ɗaya

A wannan wata filin namu zai leƙa rumbun da manyan kamfanoni ke ajiye bayanan mutane. Duk wanda ya tura kuɗi ta waya, ko ya sayi kaya ta intanet, to akwai inda aka rubuta. Shin a ina ne, kuma wa ke lura da wurin?

Da farko dai, ba a kwamfuta ɗaya ake rubutawa ba. Kwamfuta ɗaya ba ta iya ɗaukar hidimar miliyoyin mutane, kuma ran da ta lalace shi ke nan, an yi asara. Saboda haka akan raba bayanan kashi-kashi, kowane kashi a yi masa kwafi, galibi uku, a ajiye a gine-gine dabam-dabam.

Mu ɗauki misalin attajirin goro mai akawu uku, ɗaya a Kumasi, ɗaya a Tamale, ɗaya a Bawku, kowanne da littafin bashi iri ɗaya. In gobara ta ci ɗaya, biyu na nan. To amma a ce hanya ta yanke, wani ya biya bashinsa a Kumasi, akawun Bawku bai samu labari ba. Wane littafi za a gaskata?

Wannan ita ce tsohuwar matsalar masu wannan sana'a. A shekarar 2000 wani masani ɗan Amurka, Eric Brewer, ya bayyana cewa idan layi ya katse tsakanin kwamfutocin, tilas a zaɓi ɗaya cikin biyu: ko a ci gaba da aiki littattafan su saɓa, ko kuwa a dakata har layi ya dawo. Kamfanin Amazon, a tsarinsa mai suna Dynamo da ya bayyana a 2007, ya zaɓi ci gaba da aiki a kwandon sayayya, don kada mai saye ya juya. Abin da ya biyo baya shi ne, wani lokaci kayan da mutum ya cire daga kwando sai ya sake bayyana. A sha'anin kuɗi kuwa ba a yarda da haka. Akan bi rinjaye, wato ba a ɗaukar magana ta tabbata sai biyu cikin uku sun rubuta. Google ma, a tsarinsa Spanner na 2012, har da agogon atom da na tauraron ɗan adam ya sa, don kwamfutocin su daidaita kan abin da ya riga wani faruwa. Ke nan in waya ta ce mana a sake gwadawa an jima, ba kullum ne sakaci ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Sai kuma batun sa ido. Inda kwamfuta ta kai dubbai, kullum sai an samu wadda ta lalace. Don haka akwai na'urorin da aikinsu kawai awo ne dare da rana: buƙata nawa ta shigo, tsawon wane lokaci aka ɗauka kafin a amsa, nawa aka kasa biya, rumbu ya kusa cika ko da saura. Da awo ya wuce ƙa'ida sai ƙararrawa ta tashi injiniyan da ke bakin aiki.

Amma a nan ne manya suka sha kunya. Ranar 28 ga Fabrairu, 2017, wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskure wajen buga umarni, ya tsayar da kwamfutoci fiye da yadda ya yi nufi a cibiyar kamfanin ta jihar Bajiniya. Aka yi wajen awa 4 ana fama. Abin mamaki, allon da ke sanar da jama'a cewa an samu matsala shi ma ya kasa nunawa, domin a kan rumbun da ya faɗi yake dogara. Haka kuma ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa 6. Kayan aikin da injiniyoyi za su bincika matsalar da su sun tafi tare da layin, sai da aka tura mutane da ƙafa zuwa cibiyoyin.

Darasin a fili yake: kada a kulle mai gadi cikin ɗakin da yake gadi. Wannan kuwa bai tsaya kan kamfanonin Amurka ba. Ƙungiyoyinmu na zango, da makarantun Islamiyya, da iyayen adashi, da yawa yanzu lissafinsu na cikin waya ɗaya. Hoton rasit da ke cikin wayar da aka tura kuɗin da ita ba kwafi ba ne, ran da ta ɓata tare za su tafi. Mu ajiye lissafi wuri uku a hannun mutum uku. Wanda zai duba littafin ma'aji kada ya zama ma'ajin ne da kansa. Kuma duk ƙarshen wata a haɗa littattafan a gwada, tun saɓanin bai zama rigima ba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.