Muzurunka ba mugun hali gare shi ba, kai ne ba ka duba

Kwanakin baya na raka wani ɗan uwa daga unguwar Longsight a Manchester zuwa asibitin dabbobi, da muzurunsa a kwando. Likita ta tambayi abin da ke damun dabbar. Ya ce ai mugun hali ne, da gangan yake fitsari a kan kafet don ya ƙuntata wa uwargida. Ta ce a tsaye yake yi ko a tsugune? Da yawa ko ɗigo-ɗigo? Sau nawa a yini? Bawan Allah ya yi zuru. Shekara huɗu suna kwana rufi ɗaya, bai taɓa dubawa ba.

Wannan sakaci ne, kuma ba shi kaɗai ba. Daga Cheetham Hill har Small Heath ta Birmingham, gidajenmu sun cika da kyanwoyin da yara suka matsa aka kawo, amma bakinmu bai wuce "tana da taurin kai", "ta raina mutane", wani ma ya ce mayya ce. Mun iya yanke wa dabba hukunci, ba mu iya faɗin abin da idonmu ya gani ba.

Su kansu masana sun sha wannan wahala, kowa da sunan da yake ba motsi ɗaya, har bincike ya kasa haɗuwa da bincike. Shi ya sa a 1995 ƙungiyar UFAW ta nan Ingila ta buga kundin da ya ba kowane motsin kyanwa suna da siffa guda. A 2015 Lauren Stanton da abokan aikinta suka faɗaɗa tsarin ga dangin kyanwa duka, har zaki da damisa. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce: rubuta abin da dabba ta yi, ka ajiye zatonka.

Duba amfaninta. Muzurun da ya juya wa bango baya, ya ɗaga wutsiya tana karkarwa, ya fesa fitsari kaɗan, alamar yankinsa yake sawa. Wanda yake tsugunawa akai-akai yana yunƙuri, ba abin da ke fita sai ɗigo, wataƙila mafitsararsa ce ta toshe, kuma hakan kan kashe shi cikin kwana biyu ko uku. Ku kuwa duka biyun kun kira su iskanci, kun ɗauki tsintsiya.

Kyanwa takan ɓoye ciwo. A 2019 masanan Jami'ar Montreal suka fitar da ma'aunin gane shi a fuska, ta kunne, ido, baki, gashin baki da yadda kai ya sunkuya. Ko wannan ƙarar maƙogwaro da muke ɗauka jin daɗi ce, wani lokaci kyanwa mai jin zafi ke yin ta.

Mu da muka tashi da sunan Abu Huraira a bakinmu, abin kunya ne likita ta yi mana tambaya uku a kan dabbar gidanmu mu kasa amsa ko ɗaya. Muzurun ɗan uwan nan dai ciwon mafitsara aka samu, kuma sati biyu ke nan ana korarsa da takalmi.