Baƙo mai igwa

A shekarar 1827 Ingila ta girke jiragen ruwanta na yaƙi a tsibirin Farnando Fo, mallakar Sifen, bisa hujjar hana fataucin bayi. Rundunar ta ƴanta dubban mutane, har da Hausawan da aka sauke a Saliyo. Amma ita ce kuma ta yi wa Ikko ruwan wuta a 1851, ta tumɓuke Sarki Kosoko. A 1861 birnin ya zama mallakar Ingila.

Tasawa ba ta da teku, amma ta san baƙo mai bindiga tun 1899, da ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone garuruwa kafin ajali ya tare su wajen Maijirgi.

Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamban 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024, shekarar da na Rasha suka sauka Yamai. Ɗan kasuwar Mayahi ba ya ba da hayar shago sai da shaidu da wa'adi. Ƙasa ta fi shago: duk yarjejeniyar soja, a bayyana wa talakawa sharuɗɗanta da ranar ƙarewarta. Baƙo raɓa ne, in ji magabata, amma mai igwa hantsi ba ya korarsa.