Ɓarayin Tumaki Da Jikokinsu A Ostareliya

A ƙasar Ostareliya akwai Turawa da yawa waɗanda in an bi asalinsu sai a tarar kakan kakansu fursuna ne da aka koro daga Ingila ko Ayaland. Daga 1788, sa'ad da jiragen ruwa 11 na farko suka isa, har 1868 da aka daina, fursunoni wajen 162,000 aka ƙetare teku da su. Mafi yawansu sata ta kai su, a ciki kuwa har da ɓarayin tumaki da shanu da dawaki.

A cikin 1741 Majalisar Ingila ta yi doka, wanda ya saci tunkiya hukuncinsa rataya. Amma sau da yawa akan yi sassauci, a mai da kisan ya zama kora. A 1832 aka soke kisa a kan satar bisashe, aka ce sai kora ta muddin rai. Da mutum ya isa can, gwamnati takan ba da shi ga masu gonaki ya yi musu aiki ba lada. Arzikin ƙasar kuwa gashin tumaki ne, saboda haka sai ka ga ɓarawon tunkiya an danƙa masa garke yana kiwo cikin daji. An ba kura ajiyar nama ke nan, amma da yawansu sun riƙe amana, har suka sami takardar 'yanci da ƙasar noma.

Akwai wata yarinya da ba ta kai shekara 15 ba, aka kama ta da doki a 1791, tana sanye da kayan maza. Aka yanke mata korar shekara 7. Ita ce Mary Reibey, wadda ta zama babbar attajira a Sidni, mai jirage da kantuna. Tun 1994 hotonta yake jikin takardar dala 20 ta ƙasar.

Dā abin kunya ne a ce gidan wane daga fursuna ya fito, iyaye sukan ɓoye wa 'ya'yansu. Yanzu kuwa nema ake yi, har da alfahari. Neman ba wuya, gama akawunan zamanin ba su yi ƙyuya ba. A tsibirin Tasmaniya sun rubuta tsawon kowane fursuna, da launin idonsa, da tabon jikinsa, da sana'arsa, da kowace bulala da ya sha. A 2007 hukumar UNESCO ta sa littattafan nan cikin kayan tarihin duniya. Shari'un kotun Old Bailey ta Landan, daga 1674 zuwa 1913, suna kan intanet kyauta. Sai dai suna kaɗai ba ya isa, don masu suna ɗaya suna da yawa. Tilas a san sunan jirgin da shekarar da ya sauka.

To, daina jin kunyar daidai ne, jika ba ya ɗaukar laifin kaka. Inda gyara yake shi ne maganar da jikokin suka saba yi, wai tunkiya guda kaɗai talaka ya ɗauka don yunwa. Lalle akwai yunwa. Wajen 1830 lebura a gonakin kudancin Ingila da ƙyar yake samun sule goma a mako, filayen kiwon jama'a kuma masu ƙasa sun shinge su. Rataya ko korar muddin rai a kan tunkiya zalunci ne, ba mai musu. Amma cikin waɗanda aka kora akwai mahauta da masu kora dabbobi kasuwa, waɗanda sata ta zama musu ciniki. Wanda aka yi wa satar kuma ba kullum mai ƙasa ba ne. Duk wanda ya taɓa wayar gari ya tarar turke ba saniya ya san ba ƙaramin abu ba ne: madarar yara ta tafi, takin gona ya tafi, kuɗin hayar gonar ma ya tafi.

Wahalarsa ba ta tsaya nan ba. Sai a 1856 aka tilasta wa kowane lardi na Ingila ya kafa 'yan sanda. Kafin nan, a yawancin ƙauyuka mai dabba shi ke bin sawu, shi ke kai ƙara, shi ke ɗawainiyar shaidu, shi ya sa manoma suka riƙa kafa ƙungiyoyi suna tara kuɗi don gurfanar da ɓarayi.

Mai neman kakansa ya kamata ya karanta takardar ƙarar har ƙarshe. A nan aka rubuta sunan mai tunkiyar, da garin da aka yi satar, da sule nawa aka ƙiyasta kuɗinta.