Gemu Ba Ya Hana Hawan Keke

'Yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, zan fara wannan rubutu da tona wa kaina asiri, domin wanda ya riga kowa yi wa kansa dariya ya rage wa masu dariya aiki. Sai da na cika shekara 31 a duniya, ina da takardar digiri a akwati da tebur a ofis, kana na koyi hawan keke. Na koya ne a wani fili a unguwar Kambarawa cikin Katsina, bayan sallar asuba, kuma malamina ɗan yayata ne mai shekara 11. Na zaɓi asuba ne don kada a gan ni, kuma wannan ɓuya da na yi ita ce ainihin abin da nake so mu tattauna, gama na lura ba ni kaɗai ke fama da ciwon ba.

Ga yadda abin ya faru. Ina yaro mahaifina ya hana ni kusantar keken haya, tun ranar da wani ɗan makwabtanmu ya karye a hannu. Da na girma kuwa sai kunya ta karɓi aikin hanin. Ban taɓa ganin hasarar da na yi ba sai bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin abin hawa ya bi sawu. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: mu ƙaddara ma'aikaci yana biyan naira 500 zuwa ofis, 500 dawowa, kwana 22 a wata. Naira 22,000 ke nan, watau kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba. Da na yi wannan lissafi a kaina sai na ga cewa girman da nake karewa ya fi ƙarfin aljihuna.

Ranar farko na faɗi sau huɗu. A faɗuwa ta ukun na sauka cikin tsidau, yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, kana kallon taya ne shi ya sa. Dubi inda za ka." Na sha karatu a gaban malamai masu manyan digirori, amma ba safai na ji nasihar da ta fi wannan gajarta da amfani ba. A rana ta biyar na zagaye filin ba tare da ƙafata ta taɓa ƙasa ba. Wasu dattawa biyu da ke dawowa daga masallaci suka tsaya suna kallo, na sunkuyar da kai ina jiran ba'a. Sai ɗayansu ya ce, "Sannu malam, da koyo akan iya." Suka wuce abinsu. Shekara ashirin ina tsoron dariyar da ba a yi ba.

To, me ya sa ɗan boko yake ganin keke ƙasƙanci ne? Iyayenmu ba haka suka ɗauke shi ba. A zamanin En'e, malamin makaranta da malamin asibiti da akawun kotu da malamin gona duk a kan keke suke zuwa aiki, kuma wanda ya mallaki Raleigh sabo fil, da ƙararrawa da fitila, ana nuna shi a gari. Dokin ƙarfe ake ce masa. Kasuwarsa ta yi ƙarfi a ƙasar nan har kamfanin Raleigh na birnin Notingham a Ingila ya kafa masana'anta a Kano. Abin ya soma juyewa ne da kuɗin mai. Bayan rahoton Hukumar Udoji na 1974, ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi da ariyas a dunƙule, aka ruga kantunan babura da motoci, keke kuwa aka bar wa masinja da mai gadi da mutumin ƙauye. Tun daga lokacin muka gaji wata ƙa'ida wadda ba a rubuta ba: mai firamare keke, mai sakandare babur, mai digiri mota. Kuɗin man da ya haifi ƙa'idar ya daɗe da ƙarewa a hannun talaka, amma ƙa'idar tana nan daram a zukatanmu. Wanda ba shi da gashin wance ya nace sai ya yi kitson wance, ga shi nan muna cin bashi don mu hau abin da ba mu iya ciyarwa.

Kunya iri biyu ce a nan, kuma ya kamata a rarrabe su. Akwai kunyar a gan ka a kan keke, akwai kuma kunyar a gan ka kana koyo. Ta biyun ta fi haɗari, domin ba a kan keke kaɗai take tsayawa ba. Ita ce ke hana ɗalibi ɗaga hannu a aji ya ce bai gane ba. Ita ce ke sa sabon ma'aikaci ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba maimakon ya tambayi akawun da ke ƙasa da shi. Ita ce ke sa babban jami'i ya shekara da kwamfuta a kan tebur an lulluɓe ta da ƙyalle. Mun ɗauka cewa ilmi abu ne da ake gamawa, a karɓi takarda, a rufe littafi. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, kuma ƙasar da masu iliminta ke jin kunyar zama 'yan koyo ba za ta ƙera ko allura ba.

Wani zai kawo mini karin maganar nan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne yaro ya fi saurin koyo, don ba ya tsoron faɗuwa kuma ƙasa ba ta da nisa da shi. Amma mutum ba icce ba ne. Shahararren marubucin Rasha, Liyo Tolstoi, ya haura shekara 65 lokacin da ya koyi keke a 1895. A gundumar Pudukkottai ta Jihar Tamil Nadu a Indiya, an haɗa koyon keke da yaƙi da jahilci a 1991, dubban matan karkara, da yawansu iyayen 'ya'ya, suka koya, suka riƙa kai amfanin gonarsu kasuwa ba tare da jiran mota ba. Mu ma nan gida ba a san Katsinawa da gudun sabon abu ba. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, kuma a zamaninsa ne manyan mahaya, waɗanda suka ƙware da doki tun suna yara, suka koma 'yan koyo a filin wasan folo. Ba a ji cewa rawaninsu ya faɗi saboda haka ba.

Ga wanda ya yi niyya, bari in taƙaita masa hanya, don kada ya sha wahalar da na sha. Kuskuren da aka saba yi shi ne a ɗora mutum a kan sirdi, a riƙe masa kariya, a tura shi yana neman feda da ƙafa yana neman daidaito da jiki a lokaci guda. Abubuwa biyu ne, a koye su ɗaya bayan ɗaya. A je wurin mai gyaran keke ya sauke sirdin har tafin ƙafa biyu su zauna a ƙasa, ya kuma kwance fedojin duka. Sai a nemi fili mai ƙarfin ƙasa, ba mai rairayi ba, gama yashi yana kwashe tayar gaba. A zauna a riƙa tura keken da ƙafa, taki uku ko huɗu, sa'an nan a ɗaga ƙafafun a bar shi ya tafi. Wannan ba sabuwar dabara ba ce: keken farko da Bajamushen nan Karl fon Drais ya ƙera a 1817 ba shi da feda ko ɗaya, haka ake tuƙa shi.

Sirrin daidaito kuwa shi ne, keke ba ya tafiya a miƙe sak. Kullum yana karkata kaɗan, mahayi yana juya kan keken kaɗan zuwa ɓangaren da ya karkata, tayoyin su koma ƙarƙashin nauyinsa. Hankalin babba yana gaya masa ya juya ɗaya ɓangaren don ya guje wa faɗuwa, wannan kuwa shi ne ke kayar da shi. Haka nan tsoro yana sa shi tafiya a hankali ƙwarai, alhali keke mai ɗan gudu ya fi mai rarrafe sauƙin riƙewa. Idan mutum ya iya ɗaga ƙafa ya ƙirga goma, a mayar da feda. Ya ɗaga feda ɗaya sama ta ɗan karkata gaba, ya taka ta da ƙarfi don tashi. Ya koyi burki tun kafin ya koyi gudu, ya riƙa matsa duka biyu a hankali, kada ya damƙe na gaba shi kaɗai ya wuntsila. Babbar riga da bakin wando a tattare su kada sarƙa ta ci. Rabin sa'a kowace safiya, mako guda ya ishi yawancin mutane.

Ba zan yaudari mai karatu in ce babu hujja a wajen masu ƙi ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce haɗarin titi, kuma gaskiya ce. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya tashi haiƙan yana kiran 'yan Nijeriya su koma keke, har yana hawa zuwa aiki a Abuja, sai wata bas ta ture shi cikin kwata. Aka yi ta dariya, maganar ta mutu. Amma darasin da ke ciki ba wanda muka ɗauka ba ne. Abin da ya nuna shi ne titunanmu an shimfiɗa su ne domin mai mota kaɗai, alhali marasa mota su ne mafi rinjaye. Ƙasar Holan ma ta bi wannan hanya, motoci suna kashe yara a tituna, har jama'a suka tashi da zanga-zanga, ga kuma matsalar mai ta 1973 da ta sa gwamnati ta hana hawan mota ran Lahadi na wasu makonni. Daga nan suka duƙufa wajen keɓe wa keke hanyarsa. Yau kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa, kuma a 2024 Firayim Ministansu Mark Rutte a kan keke ya bar ofis ranar da ya sauka. Talauci ne ya sa shi? Kafin a gyara mana tituna, mai keke ya kama dama sosai, tun da dama muke bi tun 1972, ya miƙa hannu kafin ya juya, ya sa fitila da dare, kuma kada ya fita babban titi sai hannunsa ya faɗa.

Hujja ta biyu zafin rana ce da gumi. Lalle bazarar Katsina ba wasa ba ce. Amma da safe ake fita aiki, kuma Allah Ya hore mana gari shimfiɗaɗɗe, babu tudun da zai sa mutum haki tsakanin Ƙofar Sauri da Ƙofar Ƙaura. Riga ta biyu a cikin jaka ta warware sauran. Ga kuma ribar da ba a lissafa ba: ma'aikacin da ke yini a kan kujera ya sami motsa jikin da likita zai umarce shi da shi nan gaba, bayan hawan jini ya riga ya kama shi. Hujja ta uku ta shafi 'yan'uwanmu mata, waɗanda yawancinsu ba a ba su damar koyo ba tun farko. Wannan magana ce ta gida da al'ada, ba a yin ta da gatse. Amma wanda ya je Wagadugu ya ga mata, Musulmi da Kirista, cikin suturarsu suna tuƙa keke zuwa kasuwa da makaranta. Ko ba kome, a ware musu fili mai katanga da masu koyarwa mata, a bar kowace da iyalinta su yanke shawara.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ƙungiyoyin ɗalibai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da sauran makarantunmu su tanadi kekuna ko da biyar ne, su sa safiyar Asabar ta zama ta koyo ga duk mai so, ba tare da an tambayi shekarunsa ba. Gwamnatin jiha ta ba ƙananan ma'aikata rancen keke da za a riƙa cira daga albashi a hankali, ta kuma yi rumfar ajiya mai tsaro a ma'aikatu. Duk sabon titin da za a shimfiɗa a birni kuwa a keɓe wa masu keke gefensu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018. Ba laifi in shugabanninmu sun hau a ranar an ɗauki hoto, amma mu da muke hawa ran Litinin hanya muke bukata.

Kai kuma ɗan'uwa da ka karanta wannan kana murmushi, alhali ka san a ranka ba ka iya ba, kada ka yi irin wautata ka jira duhun asuba. Fita da hantsi. In ka faɗi ka tashi ka kakkaɓe rigarka, wanda ya gan ka a ƙasa yau shi ne zai yi maka sannu a hanya jibi. Ni dai yanzu kullum da ƙarfe bakwai da rabi ina kan dokina na ƙarfe daga Kambarawa zuwa ofis, kuɗin da nake ba masu abin hawa kuwa ya koma cefane da kuɗin makarantar malamina ɗan shekara 11. Allah Ya raba mu da kunyar da ba ta da amfani, Ya sa mu dace.