Da Wane Mudu Muke Awon Taurarin Wasanninmu?

Wanda duk ya saba duba kundayen ɗalibai a kan wasan kwaikwayo ya san al'adar: a ɗauko ra'in da aka gina a kan wasannin Girka, a ɗora wa tauraro, a yanke masa hukunci. A ganina, wannan awo ne da mudun wata kasuwa. Ba a fahimtar halin tauraro sai an san abin da furucinsa da shirunsa suke nufi a wurin al'ummar da ta haife shi.

Mu ɗauki Elesin na wasan Wole Soyinka, Death and the King's Horseman (1975). Al'adar Oyo ta ɗora masa bin Alafin zuwa lahira, sai Di'o Pilkings ya tsare shi. Mai kallo daga waje zai ce an ceci rai. Amma Iyaloja, uwar kasuwa, ba Baturen ta fi tuhuma ba. Da karin magana ta yi wa Elesin kaca-kaca, domin ya ci gatan muƙaminsa, har da neman amarya a darensa na ƙarshe, sannan ya yi nawa wajen biyan bashin. Laifinsa cin amana ne, kuma shi ya sa ɗansa Olunde ya mutu a madadinsa. Wanda bai san nauyin wannan amana a tunanin Yarbawa ba, rabin wasan ya karanta.

Haka abin yake a gida. Uwar da ta ƙi ambatar sunan ɗanta na fari ba ƙinsa take yi ba, alkunya ce. Taubasan da suke yi wa juna baƙar magana ba gaba suke yi ba, zumunci suke rayawa. Kishiyar da ta yi habaici tana fuskantar bango ta kai saƙonta sarai. In matarki ya kira ta farko mai taurin zuciya, ya kira na biyu maƙiya, ya zalunci marubucin. Tun 1974 Kirk-Greene ya jero siffofin mutumin kirki, irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci. Sau nawa muka auna taurarin Jatau Na Kyallu ko Uwar Gulma da su?

Sai dai a yi hattara. Sanin al'ada ba ya nufin wanke ta. Sau da yawa marubuci kan nuna haƙurin mace ne don a ga yadda ake fakewa da shi a cuce ta. Gane hakan ma sai ɗan gida, wanda ya san inda haƙuri ya ƙare, ƙwara ta fara.

Ba kira nake yi a watsar da ra'o'in waje ba. Kirana shi ne a gyara jerin: ɗalibi ya fara da ma'aunin masu wasan, sannan ya gayyato baƙon ra'i ya ga ko zai ƙara haske. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.