TAKI ƊAYA BA YA CIKA RUMBU

Yau na ajiye labarin soyayya gefe guda, domin abin da idona ya gani ya fi ƙarfin in yi shiru.

A 2023, lokacin da mashaƙo ya taso daga Kano ya shigo mana Jihar Katsina, maƙwabciyata a Funtua ta rasa ɗanta mai shekara 4. Da muka je gaisuwa na ga katin allurarsa, wallahi layi ɗaya kaɗai aka cike. Wai da aka yi ta farko jikinsa ya yi zafi, sai maigidan ya ce ɗaya ma ta isa.

Haba Malam! Kai da ke noman masara, yaushe ka taɓa zuba taki sau ɗaya ka koma gida ka miƙe ƙafa? Ba sai ka koma ka bi ta da yuriya ba? To allurar da ke kare mashaƙo ma sau 3 ake yin ta, a sati 6 da 10 da 14 da haihuwa. Ta ƙyanda kuwa a wata 9, a sake a wata 15. Ta farko tana nuna wa jiki kamannin maƙiyi ne, na bayanta su ke sa ya riƙe.

Kuma kada wani ya ce mini ai ɗansa ne, babu ruwan kowa. Tambayi manomin auduga a Malumfashi, in ka yi feshi maƙwabcinka bai yi ba, gonar wa tsutsa za ta faɗa? Ita ƙyanda sai an yi wa kusan yara 95 cikin 100 kafin ta rasa hanyar kai wa ga jaririn goye da bai isa allura ba.

Na san tsoronmu yana da tushe. Ba mu manta gwajin maganin Pfizer a Kano a 1996 ba. Amma fa da aka dakatar da ɗigon shan inna a 2003, 'ya'yan wa suka gurgunce? Namu ne. Da aka dage gida-gida kuwa, a 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar ta bar Afirka.

Ku ma malaman asibiti ba zan ƙyale ku ba. Mace ta biya kuɗin acaɓa daga ƙauye, ku daka mata tsawa don ta ɓatar da kati, ko ku ce ba za a fasa kwalba ba sai yara sun taru. Don Allah wa zai dawo? Me zai hana ku gaya mata tun farko cewa ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ne?

Rai na Allah ne, babu musu, amma Shi ya hore mana magani. 'Yar uwa, tashi ki ɗauko katin nan daga ƙasan akwati ki ƙirga layukan.

Allah ya raya mana zuri'a, amin. Wassalam.